Ɗaya a Kai, Ɗaya a Ƙafa

Tun da idanun Baba suka mutu, Yaya ce take yi masa karatu. Ita ce babbar 'yarsa, tela ce, kuma da ciwo ya kwantar da shi sai ta rufe shago ta kwaso keken ɗinkinta ta girke a ɗakinsa, jikin taga. Ɗakin ba wani girma gare shi ba: gadon ƙarfe, kujeru biyu, ɗan tebur cike da kwalaben magani a wajen kai, sai keken. Baba ya ƙare rayuwarsa yana fasto. Ya ɗaura aure, ya binne mutane ba adadi, ya yi wa'azi har murya ta dushe. Yanzu ayoyin da a da yake zubowa da ka sun soma zurare masa, sai ya kama farko ya rasa ƙarshe. Abin da ya fito daga bakin Yaya, shi ne Littafin a wurinsa.

Abu ɗaya kuwa yake so. Kullum da yamma, in rana ta sauko kan labule, sai ya ce, "Uwata, kai ni kabarin nan." Wato ta karanta masa labarin safiyar da mata suka je kabarin Ubangiji suka tarar ba ya ciki, daga bishara ta fari har ta huɗu, a jere, ba tsallake.

Mai dagula lissafin shi ne Auta, ƙaninta, wanda don ikon Allah malamin lissafi ne. Daga makaranta yake biyowa, alli duk a hannun riga, ya zauna yana sauraro yana girgiza ƙafa. Auta ya daɗe da daina zuwa coci. Ba mashayi ba ne, ba mai yawon banza ba, da ma haka ne da an san addu'ar da za a yi masa. Shi ciwonsa tambaya.

Wata yamma Yaya na rufe Littafin ya ce, "Baba, don Allah ban da fushi. Na farko ya ce mala'ika ɗaya suka gani. Na biyu ya ce wani saurayi ne. Na uku ya ce mutum biyu, na huɗu ya ce mala'iku biyu. Matan ma, wani ya ƙirga ɗaya, wani biyu, wani uku. Ɗalibina ya kawo mini amsa huɗu a tambaya ɗaya, ai ya san makinsa."

"Inda biyu suke ai akwai ɗaya," Yaya ta ce, tana zare allura daga wuyan rigarta. "Wanda ya ce ɗaya bai ce ɗaya kaɗai ba."

"Wannan amsar lauyoyi ce, Yaya. In na ce miki ɓarawo ɗaya ya shiga shagonki alhali biyu ne, za ki ce na faɗi gaskiya?"

Baba ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Mata ne a firgice, da sassafe, suna gudu. Ka taɓa ganin wanda ya firgita ya tsaya ƙirga?"

"To ka ga maganar mutane ce ke nan, ba ta Allah ba."

"Mutane ne suka gani. Wa kake so ya gani?"

"In sun yi kuskure a mala'iku, me zai hana su yi kuskure a kabarin gaba ɗaya? Abin da ke hana ni barci ke nan, Baba. Ba don in ɓata maka rai nake faɗa ba."

Baba ya ce, "Ban sani ba, Auta. Tun ina saurayi na ga wurin nan, ban iya daidaita shi ba. Na bar shi yadda na same shi."

Wannan "ban sani ba" ita ta tsaya wa Yaya a wuya. Mutumin da garin nan kaf ake zuwa wurinsa neman amsa, yau yaron da ta goya ya sa shi ya ce bai sani ba! Ta raka Auta har bakin ƙofa ta wanke shi tas, ta ce in jarrabawa yake son yi wa mutane ya tsaya a ajinsa. Auta ya sha mur ya tafi, ya ɗauke ƙafa.

To, Yaya irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin kalmasa a karkace su wuce. Ko a jikin baƙo ta gani a cikin mota, sai hannunta ya yi ta ƙaiƙayi. Kuma gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ba ita ce, tambayar Auta ta shige ta ita ma. Washegari da ta zo bishara ta uku, idonta ya ga "biyu", bakinta ya ce "ɗaya". Ta gyara sauran jimlar ta dace, cikin ƙwarewa, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Haka ta yi a ta huɗu. Labarin ya tafi sumul, har ta ji wani sanyi a ranta.

Baba ya juyar da kansa wajen ƙafar gado, ya kasa kunne.

"Ɗayan bai zo ba yau," ya ce.

"Auta? Ƙyale shi, Baba, zai huce."

"Ba Auta ba. Baƙina. Ai in kina karatu su biyu suke zuwa, ɗaya ya tsaya nan wajen kaina, ɗaya can wajen ƙafa. Ban gaya miki ba don kada ki tsorata. Yau na kai ne kaɗai."

Yaya ta dubi wajen kan gadon. Tebur ne da kwalabe, sai bango da fentinsa ya ɗaɗɗago. Tsakanin teburin da gadon akwai ɗan fili, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Hasken yamma na cikin ɗakin, ana jin yara na buga ƙwallo a titi, amma ta ci gaba da kallon filin.

"Me yake yi?" ta ji kanta tana tambaya.

"Jira. Ba shi da gaggawa."

Ta ce a ranta magani ne, an ƙara masa ƙarfi. Washegari ma ta karanta "ɗaya", ranar da ta biyo ma haka. Kullum Baba sai ya juya wajen ƙafa ya saurara, sannan ya mai da kai kan matashi. Ita kuwa ta soma lura da wani abu game da kanta: in za ta ɗauko magani, ba ta bi ta ɗan filin nan. Zagayawa take ta miƙo hannu ta bayan tebur. Wata rana tsintsiyarta ta kai wurin, sai ta ji ta ce "gafara" a hankali.

Ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Baba ya daina haɗiyar abinci, sai ruwa da cokali. Bayansa ya soma ƙuraje saboda kwanciya, in ta juya shi yana cije leɓe don kada ta ji nishinsa. Nas ɗin da ke zuwa yi masa allura ta ja ta gefe ta ce, "Ni dai ban san abin da ke riƙe da shi ba. Jikin nan ya gama tuntuni."

Ran nan Yaya na goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, ya ce, "Mutum ɗaya ba ya ɗaukar mutum, Uwata. Mu da muka yi ta binne mutane mun sani. Dole wani a kai, wani a ƙafa."

Tsumman ya faɗi daga hannunta. A nan ta gane abin da take yi, ko abin da take tsoron tana yi. Da farko don ta kare shi daga Auta ta taɓa Littafin. Yanzu kuwa ta ci gaba ne ido buɗe, don muddin tana cewa "ɗaya", Babanta yana nan, yana kiranta Uwata. Son kai ne, ta san son kai ne, kuma ba ta da niyyar dainawa.

Auta ya dawo wata yamma da lemo a leda, alamar neman sulhu. Ya gaishe da Baba ya zauna, ya yi alkawari da ido cewa ba zai yi magana ba. Amma mai hali ba a raba shi da wayarsa: ya buɗe wurin a ciki yana bi. Yaya ta gan shi, duk da haka ta ce "ɗaya". Ya ɗago kai. A ta huɗu ta sake. Ya miƙe ya yafito ta zuwa baranda.

"Yaya, me kike yi haka?"

"Ina ruwanka? Kai da ba ka yarda da Littafin ba."

"Ban yarda ba, amma ban taɓa canza masa ko wasali ba. Ni cewa na yi ya saɓa wa kansa. Ke kuma kunyarsa kika ji har kika ɗinke masa baki. Makaho kike yi wa haka, Yaya, wanda ba shi da ido sai naki. Tsakanina da ke wa ya fi rashin bangaskiya?"

Da a ce ranar lafiya ce, da ya sha mari. Sai ta jingina da bango ta gaya masa komai, na kai da na ƙafa, da maganar ɗaukar mutum. Ta zaci zai yi dariya. Bai yi ba.

"Zazzaɓi ne da magani," ya ce. "Ƙwaƙwalwarsa ta san wurin ko da ya manta, ta ji an cire abu, shi ne take nema. Ba wani a ɗakin nan sai mu."

"Madalla." Ta miƙa masa Littafin. "Tunda zazzaɓi ne, shiga ka karanta masa daidai. Kalma ce kawai, ba ta kashe kowa."

Auta ya dubi Littafin, ya dubi labulen ƙofar. Malamin lissafi guda, ya sa hannuwansa a aljihu.

"Ba zan iya ba," ya ce.

Suna tsaye cirko-cirko sai suka ji muryar Baba, siririya. Suka shiga tare. Ya karkata fuskarsa wajen ƙafar gado, hawaye na bin gefen idon da ba ya gani.

"Uwata, na yi ta bincikar kaina," ya ce. "Ko wani laifi na yi da ban tuba ba? Ko wani na zalunta? Me ya sa aka fasa aiko shi?" Ya ja numfashi da ƙyar. "Ko dai Auta ne da gaskiya. Ko duk mutanen nan da na riƙe hannunsu na ce kada su ji tsoro, ƙarya na yi musu ban sani ba."

Yaya ba ta taɓa jin tsoro a muryar Babanta ba sai ranar. Duk tambayoyin Auta ba su girgiza shi ba, ya ce bai sani ba ya yi barcinsa. Gyaranta ne ya kai shi nan.

"Ba ka yi laifin komai ba, Baba," ta ce. "Bari in sake kai ka."

Ta zauna a kujerarta. Auta ya ja tasa kujerar can wajen ƙafa, ya miƙe dogayen ƙafafunsa har suka tokare bango, suka tare 'yar hanyar da ke tsakanin ƙofa da gado. Ta fara. Na farko ya ce ɗaya, ta ce ɗaya. Na biyu ya ce saurayi, ta ce saurayi. Ta juya zuwa ta uku. Ta zo wurin ta tsaya, ta dubi fuskar Baba ta ƙare mata kallo, sannan ta ce "biyu".

Ƙwallon yara ya daina ƙara a titi, ko kuma ita ce ta daina ji. Labulen ƙofa bai motsa ba. Amma ta wutsiyar ido ta ga Auta ya janye ƙafafunsa da sauri ya tattare su ƙarƙashin kujera, ya ɗan sunkuyar da kai, yadda ake yi in babba zai wuce.

"A'a, sannu da zuwa," Baba ya ce, da muryar da yake tarbar baƙi a ƙofar coci. "Har na fara zargin kaina."

Yaya ba ta ɗaga kai ba. Ta shiga ta huɗu tana karantawa yadda aka rubuta, macen nan ita kaɗai tana kuka a bakin kabari, kome bai yi daidai da na baya ba, ta bar shi a haka. Ta wuce inda take tsayawa kullum, ta ci gaba, don ta san abin da za ta gani in ta yi shiru. Sai da hannun Auta ya sauka a kan shafin.

"Ya isa, Yaya."

Ta rufe Littafin. Baba na kwance a miƙe, hannuwansa a gefe, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai ƙara wata magana. Ta gyara masa zanen rufa da ya karkace a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba tukuna, abu ɗaya take so ta sani kafin kukan ya zo.

"Auta, ka gan shi?"

Auta na kallon gwiwoyinsa kamar ba nasa ba.

"Ban ga kowa ba," ya ce. "Ni dai na ba da hanya."