Ta Ce Soya

Sai da hayaƙi ya cika kicin sannan Kaka ta yarda cewa abin nan ba zai soyu ba. Ta sauke kaskon, ta buɗe taga, ta tsaya tana kallon abin da ya koma kamar ƙonanniyar tsakuwa.

"Malam! Zo ka maimaita min abin da yarinyar nan ta ce maka."

Mijinta ya leƙo yana tari. Tsohon direba ne, wanda ritaya ta mayar ɗan aiken gida, kuma shi ya karɓo ledar jiya daga hannun matar ɗansu.

"Na tambaye ta mene ne wannan, ta ce soya."

"To ai na soya!"

Malam ya saka tabarau, ya juya bayan ledar. Ga hoton wake, ga hoton kwano yana tururi. Dariya ta kama shi har sai da ya dafa ƙofa.

"Baiwar Allah, sunansa ke nan, ba umarni ta ba ki ba. Waken soya ne aka sarrafa ya zama kamar niƙaƙƙen nama. Jiƙa shi ake yi da ruwan zafi."

Kaka ba ta yi dariya ba, don yau ba ranar wasa ba ce a wurinta. Jikarta, wadda suke kira Tsuntsuwa saboda ƙarancin cinta, cikinta ba ya karɓar alkama ko kaɗan. Bara Kaka ta ɗaure miya da cokalin fulawa, tana ganin ɗan wannan ba zai yi komai ba, yarinyar ta kwana a asibiti. Babu wanda ya faɗa mata baƙar magana. Sai dai tun daga lokacin, duk sa'ad da suka zo, uwar yarinyar kan fito da abinci daga jaka, ta ce, "Mama, kada ki wahalar da kanki." Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Yau ne karo na farko da aka ce ta dafa, aka kuma aiko da soyar saboda surukar ba ta cin nama.

Sauran rabin ledar ta jiƙa. Abin ya kumbura, ta matse shi, ta soya albasa da tafarnuwa, ta zuba tumatir da attarugu. Dunƙule ma ba ta saka ba, don an ce wasu da alkama a ciki. Ƙamshi ya fara korar ƙauri, hankalinta ya soma kwanciya, sai ga ƙarar mota a waje. Sun zo da wuri, miya kuwa ta yi ruwa tsululu.

"Kaka! Kaka!" Tsuntsuwa ta shigo da gudu ta rungume ƙafafunta. Ɗanta na gaishe ta daga falo, shinkafa na neman kamawa, Malam na tambayar inda aka ajiye faranti. Kaka ta amsa wa kowa, hannunta na aikinsa. Kafin a shimfiɗa ledar cin abinci, miya ta yi kauri gwanin sha'awa.

Surukar ta ɗanɗana, ta ɗago kai. "Mama, wallahi ni ban taɓa iya dafa shi haka ba."

"Rabon farko dai hayaƙi ya cinye," in ji Malam. Kaka ta harare shi.

Tsuntsuwa kuwa ta ƙaryata sunanta. Ta share farantinta, ta miƙo tana neman ƙari. Kaka ta karɓa, zuciyarta fes, ta koma kicin. A gefen murhu ta ga shuɗin gwangwanin nan a buɗe, da cokali a ciki, da farin gari a bakin cokalin. Gwangwanin fulawa ne, wanda tun bara ta tura can bayan kantar kicin, ba ta ƙara kallonsa ba. Ba ta ma tuna lokacin da ta jawo shi ba.

Murfin yana nan kusa da hannunta, kuma babu wanda ya gani. In ta faɗa, ta san jakar abincin nan za ta dawo, ba kuma za ta sake tafiya ba. Ta jiyo dariyar yarinyar daga falo.

Ta fito da gwangwanin a hannu. "Ku tashi mu tafi asibiti. Na saka fulawa a miyar. Ni ce na saka."

Cokalin surukar ya faɗi. Ɗanta ya miƙe yana laluben makullin mota. Malam kaɗai bai motsa ba, sai da ya haɗiye lomarsa.

"Wannan shuɗin? Ku zauna. Garin masara ne."

"Malam, ba lokacin wasa ba ne!"

"Ranar da muka dawo daga asibiti na zubar da fulawar, na wanke gwangwanin da sabulu, na cika shi da garin masara. Na san hannunki, ya fi kanki sauri."

Surukar ta lakato garin, ta murza a yatsunta, ta ɗanɗana. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Masara ce, Mama."

Kaka ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, dariya na fita, ta rasa wanda za ta tare. "Kuma tsawon shekara ba ka faɗa min ba, mugun tsoho?"

"Da na faɗa, da kin ce na raina girkinki."

Da za su tafi, Kaka ta rako su bakin mota, ta kasa haɗa ido da surukarta. Ta riga ta sallama wa ranta cewa shi ke nan. Surukar ta buɗe ƙofa, ta ɗan tsaya.

"Mama, ranar Asabar ina da aiki har yamma. Zan kawo miki ita da safe."

"To," in ji Kaka a hankali. "Sai ki haɗo mata abincinta."

"A'a, Mama. Soya kawai zan kawo."