Kogin da Aka Ajiye a Kife

Ni ce mai kula da ɗakin ajiyar duwatsu a ma'aikatarmu. Kada ka ji duwatsu ka ɗauka na gini ne. Sanduna ne masu kaurin damtse da injin haƙa yake zaro mana daga cikin ƙasa, mu jera su a akwatunan katako, mu ja kibiya a jiki don a san ina ne sama. Daga jerin tsakuwa da yashi da lakar da suka daskare a ciki muke gane irin ruwan da ya taɓa bin wurin.

Karatun ba wuya. Kogi mai gudu tsakuwa yake fara zubarwa, ya bi da yashi, in ya sauya hanya laka ta rufe. Inda kogi yake faɗawa tafki kuwa, laka ce a ƙasa, tsakuwa a sama. Oga, shugaban sashenmu, ya duba akwatunan, ya ce bakin tafki ne, yashi a shimfiɗe ko'ina, duk inda aka haƙa rijiya za a sami ruwa. Ya rubuta rahoto shafi tamanin, saura sa hannuna. Ranar Alhamis rahoton zai fita, ranar ce kuma za a sabunta mini takardar aiki ko a ƙi.

Ranar Talata na jiƙa wata sanda da soso, sai ga burbushin saiwa, baƙi siriri, a cikin lakar. Saiwar ta yi rassa, amma rassan sama suka nufa. Na ce to, yau kuma bishiya sama take tono? Na jawo wata sandar. Tsagar busasshiyar laka, faɗin a ƙasa, tsinin a sama, alhali laka ta sama take buɗe baki in ta tsage. Akwati goma sha ɗaya, duk a kife. Na dubi kibiyoyin, zanen hannuna ne. Makona na farko a aiki, rana tana gasa ni a gindin injin, ni na karɓi sandunan, kowane akwati na fara shi ta gindi.

Na tarar da Oga a ofis yana goge tabarau. Na gaya masa komai.

"Wa ya gani bayan ke?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To ke ma ba ki gani ba. Kibiya ta ce sama, mun bi kibiya. In kin tona, ni kunya kawai zan ji. Ke aikinki ne zai tafi, Malama."

"Oga, kogi ne, siriri kamar igiya. Aka kauce masa taku hamsin, busasshiyar laka za a haƙa."

Ya turo mini biro. Na bar masa abinsa a kan tebur, raina a ɓace, rabin haushin nasa, rabin nawa.

A gida Yaya tana guga, ina ba ta labari tana girgiza kai. A ɗakin 'ya'yanta nake kwana, shekara huɗu na yi ina yawo da takardu kafin wannan aikin, ita ta san wahalar.

"Ke taurin kan nan naki tun kina rarrafe," in ji ta. "Dutsen ne zai kai ƙararki?"

"Yaya, ni na kifa shi."

"To ai shi ya sa za ki kama bakinki."

Tsoro kam na ji shi, ba zan ɓoye ba. Amma ranar Alhamis, da masu haƙa rijiyoyin suka zauna a ɗakin taro, Oga yana nuna musu taswira, na shigo rungume da sandar nan mai saiwa da kwanon ruwa. Na dire ta a kan rahoton, na shafa mata soso.

Na ce, "Wanda ya taɓa ganin saiwa ta hau sama ya ɗaga hannu."

Wani dattijo cikinsu ya sa hannu ya juya sandar, ya daɗe yana kallo.

"Wane sakarai ne ya ja kibiyar nan?"

"Ni ce, Baba. Kuma ba zan sa hannu a kan tafkin da babu shi ba."

Oga bai ɗaga murya ba. Ya rufe rahoton, ya ce in miƙa makullin ɗakin ajiya ƙarfe huɗu.

Na dubi agogo, sha ɗaya da kwata. Na koma ɗakin, na cire takalmi, na ɗauko fenti. Akwati ɗaya bayan ɗaya ina juya sanduna, ina soke tsohuwar kibiya, ina jan sabuwa, tsakuwa ta koma ƙasa, laka ta hau sama. Huɗu ta buga ina kan na tara, maigadi ya leƙo ya ce an aiko shi karɓar makulli.

Na ce ya je ya gaya musu saura biyu, in suna sauri su zo su fitar da ni da kansu. Ya ɗan tsaya, sannan ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa.