Baba Ba Ya Yanke Rara

Duk wanda ya taɓa kai wa Baba Tela ragin kaya ya san halinsa, ba ya yanke rara. Ka kawo wando ya yi maka yawa, zai rage maka ƙugu tsaf, amma yadin da ya ragu sai ya naɗe shi ta ciki ya bi shi da ɗinki. In ka ce, "Baba, ai da ka yanke, yana tokare ni," sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Kai ka san gobe? Wanda ya rame yau yana iya murmurewa. Ranar sai ka dawo in buɗe maka." Ko za ka yi fushi ka yi, almakashinsa ba ya taɓa rara.

'Yarsa Auta da wannan magana ta tashi. Ita kaɗai ta rage a gabansa tun rasuwar mahaifiyarta, don yayarta aure ya kai ta nesa, sai dai waya. Auta ta gama karatu ta zauna, zama ya yi zama, har ta daina leƙa ƙofa don kada a tambaye ta ina aiki. Da kyar da siɗin goshi ta samu wuri a wani kanti da ake sayar da kayan ƙarin lafiya, kwalabe jere har rufi.

A daidai lokacin Baba ya tashi daga ciwon ƙirji. Magungunan da ya sha masu ƙarfi ne, sun kori tari amma sun bar masa ciki a lalace, abin da ya ci duk ba ya zama. Wata rana da yamma Auta ta dawo da 'yar farar kwalba ta sa a firij.

"Magani a firij kamar madara?" in ji Baba.

"Ai masu rai ne, Baba. Wasu halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu, masu amfani ga hanji. Magungunan da ka sha sun kashe naka na ciki, waɗannan za su maye gurbinsu."

"Au, baƙi za ki saukar mini a ciki? To Allah ya sa masu kunya ne."

Ya sha. Cikin ikon Allah ba a jima ba ciki ya lafa, abinci ya zauna. Daga nan gaisuwar safe ta canza a gidan. Ta ce, "Baba, ya baƙi?" Ya ce, "Sun kwana lafiya, suna gaishe ki." Su yi dariya, ta miƙa masa ƙwaya ɗaya da ruwa.

Wayyo, zo ka ga Auta a kanti! Yarinyar da a da murya ba ta fita, yanzu ita ce gaba-gaba. Duk wanda ya shigo yana dafe da ciki sai ta ce, "Babana ma shi yake sha, da idona na ga aikinsa." Har ta ɗauke shi a waya yana kan keken ɗinki yana yabon maganin, tana nuna wa masu saye. Mai kanti ya fara sakar mata makulli. Shi kuwa Baba in zai je sayen zare sai ya bi ta gaban kantin da gangan, ya ɗan tsaya a tsallaken titi yana kallonta ta gilashi, tana bayani tana juya hannu kamar mahaifiyarta.

Ana nan, sai Baba ya fara rage abinci. Ya ci loma kaɗan ya ture kwano, ya ce baƙi sun ƙoshi. Yakan daɗe a banɗaki, ya fito yana share zufa. Da ta matsa masa sai ya ce ɗan kumburi ne. Ta kawo wata kwalbar da ta fi ta farko ƙarfi, ta mai da shi biyu a rana. Ya karɓa, ya ce madalla.

Yayarta ta kira ta bayan sun yi magana da shi ta bidiyo. "Auta, fuskar Baba ba ta yi mini ba. Ki kai shi asibiti mana."

"Haba Yaya, tsufa ne. Ni da nake tare da shi?"

Amma maganar ta tsaya mata a rai. Washegari da Baba zai fita shago ta tsaya ta ƙare masa kallo, irin kallon da shi ya koya mata. 'Yar tela ce, ta san kaya ba sa ƙarya. Mai ramewa wando yakan tattare masa a ƙugu, kafaɗar riga ta zubo. Na Baba kuwa cif-cif, ko yatsa ba zai shiga ba. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a ranta Yaya dai da tsoro take.

Da na sani ƙeya ce. Wata rana da azahar maƙwabcin shagonsa, mai gyaran takalmi, ya shigo kanti a guje. Baba ya faɗi a kan keken ɗinki.

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka sake wani hoton. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta kira Auta ofis ta rufe ƙofa. Ciwon daji ne a hanji, kuma ya riga ya yaɗu zuwa hanta.

Auta ta ciro kwalbar daga jaka. "Likita, wannan ne? Ni na ba shi. Ni nake ba shi kullum."

Likita ta juya kwalbar ta karanta. "A'a, wannan bai jawo masa ba. Yana da ranarsa, amma ba maganin irin wannan ciwon ba ne. Ya gaya mini ya daɗe yana ganin jini in ya zaga. Ba ki sani ba?"

Ba ta sani ba. Ta tambaya ko da an zo da wuri da an iya yin wani abu. Likita ta ce da damar samun sauƙi ta fi haka yawa.

Ta sami Baba kwance cikin rigar asibiti, wadda ba shi ya ɗinka ba. A nan ta ga jikin mahaifinta, ƙashi da fata, wuya kamar za a ƙirga jijiyoyinsa. Ta durƙusa a bakin gado, kuka ya ci ƙarfinta.

"Baba, me ya sa? Me na yi maka da za ka ɓoye mini?"

Ya ɗora hannu a kanta. "Da farko na ɗauka baƙin za su gyara, tun da sun taɓa yi. Da na ga abin ya wuce su, sai na ce in na faɗa miki bakinki zai mutu a kantin nan. Shekara nawa ina jiran in ji muryarki a waje, Auta? Kullum sai in ce bari gobe." Ya ɗan numfasa. "Kuma ina jin tsoro. Kada ki ɗora wa kanki duka, ki bar mini rabona."

Bai koma gida ba. Yaya ta iso ta same shi da rai, suka yi jinyarsa tare, har wata safiya ya cika, hannunsa cikin na Auta.

Bayan mutane sun watse, Yaya ta ce a fito da kayansa a bai wa mabukata. Auta ta zauna a ɗakinsa tana ninkewa. Ta ɗauki wani wando mai ruwan toka, ta ji ƙugun ya yi kauri a hannu. Ta juya shi ciki waje.

Layin ɗinki ne, bayansa wani, bayansa wani, kowanne ya matso ciki kaɗan, rarar a naɗe lumui. Ta jawo na biyu, haka. Riguna ma haka, an rage kafaɗa, an rage gefe. Ashe duk lokacin da ya rame sai ya hau keke ya bi jikinsa da zare, don ya san da wane ido 'yarsa take dubansa. Ta riƙa shafa layukan da yatsa tana hawaye. Amma ko a haka ta ɗan ji sanyi, don rarar tana nan. Yana sa ran zai murmure ya buɗe.

Sai ta tuna da ledar da aka ba ta a asibiti, mai kayan da ya faɗi da su. Tun ranar ba ta buɗe ba. Ta kwance ta, ta ciro baƙin wandonsa, wanda ya sa da safen nan da ta ce masa ya baƙi, ya ce suna gaishe ta. Ta juya ƙugun.

Layi ɗaya ne kawai, sabo, an ɗinke shi da kyau. Ta laluba bayansa, ta sake lalubawa. Babu rara. An bi ta da almakashi an yanke tas.

"Auta, kin gama?" Yaya ta kira daga falo.

Auta ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta rungume wandon a ƙirji.