Muryar Wurin Aiki

Yaya ce ta ture kofunan shayi gefe ta ajiye wayar a tsakiyar tebur.

"Kawu, kullum cewa kake ba ka gani ba. To yau da kunnenka za ka ji."

Ƙanwarta, tela, tana zaune a ƙasa, hannun dama a cikin mayafi. Sati uku ke nan almakashi ya gagare ta riƙewa. Abu ɗaya ya kawo ta: kada Kawu, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, ya sake cewa ta koma gidan miji. Mijin kuwa yana kan kujera, kai a sunkuye, sai ka rantse ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba.

Dabarar Yaya ce tun farko. Ranar da ta ga leɓen ƙanwarta a kumbure ta ce, "Ki riƙa naɗar muryarsa, kuma ki gaya masa kina naɗa. Mugu ba ya son shaida." Dabarar kuwa ta yi aiki. Da tela ta ɗaga masa wayar, jan ɗigo yana ƙiftawa, hannunsa ya tsaya a sama, ya sauke shi ya sosa ƙeya. Kwana tara ta yi tana cin abinci har da neman ƙari.

Abin da suka manta, su biyun, shi ne sana'arsa. Shekara takwas yana amsa kiran masu ƙorafi a wani kamfanin waya, inda ake naɗar kowace kalma. A zage shi ta uwa ta uba, ya ce mun gode da kira. Tsorata irin wannan mutum da naɗi kamar tsorata kifi ne da ruwa.

Yaya ta danna. Ba ta saurara ba kafin yau, ta yarda da ƙanwarta. Ita kuma tela sau biyu ta saurara, kuma komai ta ji a ciki, don jikinta ne yake cike mata gurbi.

Muryarsa ta fito, sanyi kalau. "Sannu da aiki, ranki ya daɗe. Kawo hannun in gani."

A nan ne ya cusa yatsunta cikin durowar keken ɗinki.

"Yi haƙuri, kin ji? Ɗan jira kaɗan."

A nan ya tura durowar da gwiwarsa. Abin da waya ta ɗauka ɗan ƙwas ne kawai, kamar an rufe kwalba. Sai kuma muryarta ta cika falon, a shaƙe, ba kyan ji: "Allah ya isa! Mugu, azzalumi, Allah ya tsine wa wanda ya haife ka!"

"Na gode," in ji muryarsa. "Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi?"

Sai yanzu tela ta ji abin da sauran suka ji.

"Mayar baya," in ji Kawu. Yaya ta mayar. Ba sannunsa yake son sake ji ba, tsinuwar yake so.

"Kawu, dubi hannunta dai," in ji Yaya. Ta fizge mayafin. Yatsu uku sun yi baƙi, farce ɗaya ya fita.

"Durowa ce ta datse ta," mijin ya ce a hankali. "Ni na kai ta kemis. A tambaye ta me ta gaya wa mai kemis."

Cewa kuwa ta yi wa mai kemis durowa ce, don kunya, mijin yana tsaye a bayanta riƙe da jakarta.

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ke kika kawo shaida, ba ni ba. Mutum yana miki sannu kina tsine wa uban da ke kabari. Wallahi ɗan nan ya yi haƙuri. Durƙusa ki roƙe shi."

Ta durƙusa. Ba ta yi kuka ba, tsoro bai bar mata wurin kuka ba. Mijin ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kawu ya sa masa albarka har bakin ƙofa. Yaya ta miƙa wa ƙanwarta wayar ba tare da sun haɗa ido ba.

La'asar ba ta yi ba suka isa gida. Ya rufe ƙofa, ya cire agogo ya ajiye a kan keken. Ya buɗe jakarta ya zaro wayar, ya duba caji, ya jingina ta da tulin yadi yadda za ta ɗauki murya da kyau.

"Kin manta ba ki kunna ba," ya ce.

Ya danna da kansa, sannan ya yi gyaran murya.