Zomon Auta

Direban yana cire takalmi a ƙofar falo ya hango zomon a ƙarƙashin tebur, bakinsa da ƙirjinsa duk sun yi ja. Zomon Autarsa ne, wadda suka binne watan jiya. Haka ya tarar da bakinta ranar da ya kwashe ta zuwa asibiti.

"Ceri ne," in ji matarsa, tana tsince jajayen 'ya'yan itacen da suka zube daga kwano. "Maƙwabciya ce ta kawo. Baban Auta, ba jini ba ne."

Bai saurare ta ba. Ya naɗe zomon a tawul ya fice ko hula babu. A cikin bas zuciyar dabbar na bugawa a tafin hannunsa, shi kuma yana ta cewa, "Mun kusa, mun kusa," har matar da ke gefensa ta matsa.

Asibitin dabbobin ɗan ƙarami ne, amma warin maganin iri ɗaya ne da na asibitin da ya kai Auta, haka bencin ƙarfen. Likitar ta buɗe bakin zomon, ta latsa cikinsa.

"Ya haɗiye ƙwallon?"

"Ban sani ba. Dawowata ke nan daga tafiya."

"Naman ceri kaɗan ba ya kashe zomaye, sai dai zaƙin ya ɓata ciki. Gubar tana cikin ƙwallon da ganyen. Kira gida a duba."

Ya kira. Matarsa ta ce ga ƙwallon nan a ƙasa, an gwigwiye shi tas, bai fashe ba.

"To ba komai, Malam," in ji likitar, tana murmushi. "A ba shi ciyawa da ruwa, zai warware."

Da irin wannan murmushin aka sallame shi da Auta a zuwansu na farko.

"Yaya sunansa?" likitar ta tambaya, tana goge jan da auduga.

Bai san sunan ba. Wayar na kunnensa har yanzu. "Maman Auta, me take kiransa?"

Ta amsa a hankali.

"Baba take ce masa. In ka yi doguwar tafiya, shi take ba labarin makaranta."

Likitar ta miƙo zomon. Ya karɓa da hannu biyu, ya koma kan bencin ya zauna.

"Zan ɗan jira a nan," ya ce, "ko wani abu zai taso."