Man Shanun Goggo Yelwa

Wata takwas Naja'atu ta yi tana zarya tsakanin Gumel da rugagen bayan Ɗanzomo, har takalminta ya cinye. Aikinta ke nan: mai hali ya kira ta, ta nuna masa inda alherinsa zai yi amfani. Wannan karon Alhaji Ubaidullahi ne ya ɗauke ta, wani dillalin shanu na Maigatari da ya kafa gidauniya.

Ciwo ya share wa matan wata ruga a can dabbobinsu, amma ko yunwa za ta kashe su ba za su miƙa hannu ba. Sai Naja'atu ta gina tsarin a kan habbanaye, al'adarsu ta aron dabba: aminiya ta ba ki akuya, ta haihu a hannunki, ki riƙe 'ya'yan, ki mayar da uwar. Babu mai jin kunya a ciki. Goggo Yelwa, tsohuwar da matan ke jin maganarta, sai da ta shimfiɗa wa Naja'atu tabarma sau bakwai kafin ta amince.

"Ba za a kira mu mabarata ba?"

"Goggo, na yi miki alkawari."

Ta rubuta wa Alhaji a takarda, ta maimaita da baki: ban da taro, ban da hoto. Ya ce to, to, Hajiya. Ashe to ɗin na fatar baki ne!

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ta iso wurin da za a miƙa wa matan awakin, ta tarar da rumfa, da kujeru, da lasifika. Awaki arba'in a ɗaure, kowace da ƙyalle mai hoton Alhaji a wuya. Kai, jama'a! Akuya da hoton mutum!

"Alhaji, ba haka muka yi ba," ta ce.

"Haba, Hajiya. In ba a gani ba, wa zai yi koyi?"

Kafin ta sake buɗe baki, sanƙira ya kwarara: "Yelwa daga Ɗanzomo! Baiwar Allah, mijinta ya rasu, ba ta da ko kaza! Ta matso ta karɓi tallafi!"

Naja'atu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ga Goggo can ta miƙe a gaban 'yan kasuwa, a gaban surukanta da suka kawo bijimai, tana riƙe da ƙwarya a hannu. Man shanu ne, wanda ake kai wa amini in ya ba da aron dabba. Allah kaɗai ya san gida nawa ta bi kafin ta tara shi.

Ta tako a hankali, ta dire ƙwaryar a gaban takalmin Alhaji.

"Ga shi, a kai wa iyali."

Ko kallon igiyar da aka miƙo mata ba ta yi ba. Ta juya, matan rugar suka tashi suka bi ta kaf. Awakin suka yi ta kuka a rana, mai hoto ya rasa wa zai ɗauka.

A ranar Naja'atu ta ajiye aikin, ta faɗa wa Alhaji abin da ba a taɓa faɗa masa ba. Amma wannan me ya gyara?

Washegari ta hau babur zuwa rugar. Ta yi sallama, Goggo ta amsa, ta tambaye ta gajiya, ta tambaye ta mutanen gida, babu gaisuwar da ta rage. Tabarmar nan tana jingine a jikin bukka, a naɗe. Har Naja'atu ta gama ba da haƙuri a tsaye, babu wanda ya taɓa ta.