Allura a Hannun Mahauci

…kuma wai ni zan soka mata. Ni. Uwarta ta danƙa mini allurar ta koma jikin bango, wai kai ne mahauci, Baban Mimi, kai ka saba. Na saba da me? Da sa na saba, da rago. Wannan 'yata ce, ko rarrafe ba ta iya ba, cinyarta ba ta kai kaurin hannuna ba.

Leɓe ya kumbura. Ido ya rufe. Numfashin nan kuma… na san shi. Kullum ina jinsa a mayanka bayan wuƙa ta wuce, wannan gurnanin — a'a. Ba yanzu ba, ɗan banza, kada ka tuna.

Likita ya faɗa, ya maimaita. Jikinta ba ya karɓar ƙwai, ko ɗanɗano. Tun farkon fara ba ta abinci da ta yi jajir da ƙuraje. Ya ba mu allurar nan mai kama da biro, ya gwada a cinyarsa: cire murfi, danna a gefe, riƙe. Har dariya na yi a ofishinsa. Ni da nake kayar da bijimi? Ashe cika baki ne.

Wa ya ba ta? Ga ta can bakin ƙofa, cokali a hannu, gwaiduwa a jikinsa. Yaya. "Ɗan kaɗan ne fa, duk da shi na raini nawa." Yayata da ta goya ni, ta share mini majina. Wallahi ji nake kamar in shaƙe ta, in haɗa kanta da bango, in ɗura mata ƙwan har ɓawonsa, ta ji yadda maƙogwaro yake toshewa — farantin ƙwan ma na riga na yi jifa da shi. Yaushe? Ya tarwatse. Jini a ƙasa. Ƙafar wa? Tawa. Na tsane ta.

Asibiti da nisa. Mota ba za ta kai ta da rai ba, ni ma na sani.

Babana a mayanka, ina yaro, ya kama wuyan hannuna: mai tausayi shi ke wahalar da dabba, ka yi sau ɗaya ka gama… Baba, dabba ba ta taɓa kama mini gemu tana dariya ba. Da safen nan ta kama.

Ta yi laushi. Kan ya langaɓe. Leɓen ya soma baƙi.

Murfi — cire. Gwiwata ta danne ƙafarta tun ban sa ta ba, yadda take danne akuya. Gefen cinya. Bismillahi… wayyo, da irin muryar da nake yanka na faɗa.

Na soka. Ya yi ƙas. Riƙe, ya ce, riƙe.

Cokalin Yaya ya faɗi. Duk rayuwata, abin da na danne jira nake ya daina motsi, in ɗaga gwiwa. Yau ga ni a durƙushe ina roƙo.

Shure ni, Mimi. Yi kuka. Shure ni mana…